A daina kunyata mutum don ya ce wayarsa na faranta masa rai

Akwai wata magana da yanzu ta zama kaman dole a bakin duk wanda yake so a ɗauke shi mai hankali, wai waya ta lalata duniya, intanet ta raba kan jama'a, yara sun tafi a gem manya sun tafi a kallo, da can ne ake da kwanciyar hankali. Ni dai gaskiya na gaji da jin maganar nan, ba wai don babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba, akwai, zan ma zo kanta, abin da yake damuna shine ta sa mutane sun fara jin nauyin faɗin abin da yake zahiri a rayuwarsu, wato 'yan na'urorin nan da muke juyawa a hannu kullum suna sa su farin ciki. Mutum ya wuni yana fama ya dawo a gajiye ya sa iyafis a kunne ya kunna sautin da yake so ransa ya yi sanyi, sai a ce ɓata lokaci yake. Tsohuwa ta ga fuskar jikanta a kiran bidiyo daga wata uwa duniya ta yi dariya har da ƙwalla, sai wani ya ce ai wannan ba zumuncin gaske bane. To na ƙarya ne? ƙwallar fa daga ina ta fito?

Abin da na tsaya a kai shine wannan farin cikin na gaske ne kuma yana da daraja, bai kamata a raina shi ba. Sai dai ba duk abin da ke cikin waya ne yake bada shi ba, kuma ni a ganina an daɗe ana jan layi a inda bai dace ba. Ana raba abin gida biyu, da na'ura da babu na'ura, alhali rabon da ya fi muhimmanci yana cikin na'urar kanta, tsakanin abin da yake da ƙarshe ka gama ka ajiye, da abin da aka ƙera shi da gangan don kar ya taɓa ƙarewa.

Bari in fara da sauti don shi ya fi kusa da zuciyata. Mu da muka taso muka tarar da abin mun manta irin girman sauyin da aka samu. Shekaru dubbai ɗan adam in yana son jin kiɗa ko waƙa ko karatu mai daɗin murya dole sai mai yin yana kusa da shi, in ya yi shiru shikenan ta wuce. Ƙaramar rediyo mai batir ta shiga kasuwa a 1954 ta sa sauti ya fara bin mutum inda za shi, amma gidan rediyo ne ke zaɓa maka. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai kuma a 1979 Sony ta Japan ta fito da Walkman, 'yar na'urar jin kaset da ake yawo da ita, daga nan ne mutum ya samu abin da ko sarakunan da basu samu ba, ya zaɓi abin da zai ji, ya zaɓi lokacin, yana tafe a hanya ba tare da ya takura kowa ba. Wani abu da yake burge ni da na farkon da suka fitar shine ramin sa iyafis biyu gare shi, don mutum biyu su ji tare, wato tun a ranar farko masu ƙera shi suna tunanin daɗin sai da abokin ji. A 2001 Apple ta zo da iPod mai ɗaukar waƙa dubu, yanzu kuma ko wayar da ba ta kai ta kawo ba tana ɗaukar fiye da haka a ɗan memori da bai kai farce ba.

Kuma abin da mutum yake ji a jikinsa in sautin da yake so ya zo daidai gaɓar nan, tsigar jiki ta tashi, ba ƙirƙira yake ba. A 2011 wasu masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada, Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu, sun duba ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan da su da kansu suka zaɓa, suka ga dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da sha'awa da lada, yana fita a daidai lokacin da daɗin ya kai ƙololuwa, har ma kafin a kai wajen, lokacin da mutum yake jiran zuwansa. To don Allah wanda yake cikin cunkoson mota ko yake kwance a asibiti ko yake aikin dare shi kaɗai, in ya samu wannan a aljihunsa, da wane dalili za mu ce masa abin banza ne?

Abu ɗaya da zan roƙa a nan kuma da gaske nake, a tausaya wa kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙure ƙara, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shine desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara kenan) na awa 40 a sati, in ka ƙara ƙara sai lokacin ya ragu sosai. 'Yan gashin da ke can cikin kunne masu kama sauti in suka mutu basa sake tsirowa. Wanda yake son sauti shi ya fi kowa buƙatar kunnensa ya kai shi tsufa.

Sai murya. Ni ban san wani abu a cikin waya da ya kai saƙon murya amfani ba, kuma ba'a cika yabonsa ba don ba shi da ƙyalƙyali. WhatsApp ta sa shi a 2013, zuwa 2022 kamfanin yace ana tura saƙon murya kusan biliyan 7 a kowace rana. Ka tuna fa a duniyar nan akwai manya sama da miliyan 700 da basu iya karatu da rubutu ba a ƙididdigar UNESCO, mafi yawansu mata, waɗanda da in suna son aika saƙo nesa sai sun nemi wanda zai rubuta musu, can ma a nemi wanda zai karanta, sirri ya bi ta hannu biyu kafin ya isa, abin da uwa take son faɗa wa ɗanta ita da shi dole ta haɗiye rabi. Yanzu ta danna ta riƙe ta faɗi son ranta da harshenta da irin lafazinta, da dariyarta da tarinta da komai, shi kuma ya ji ya sake ji sau nawa yake so. Akwai mutane da yawa da abin da ya rage musu na mahaifi ko mahaifiya da suka rasu shine 'yan saƙonnin nan, suna ajiye da su suna tsoron kar wayar ta lalace. In akwai wanda zai iya kallon irin wannan mutumin yace masa waya bata da alheri, ni dai ba zan iya ba.

Haka makafi. Tun 2009 iPhone ta zo da manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya, Android ma tana da tata TalkBack, makaho ya karanta saƙonsa da kansa ya ji labarai ya kira wanda yake so ba sai ya jira wani ya samu sukuni ba. Kurame kuma kiran bidiyo ya basu abin da tarho bai taɓa basu ba, su yi maganar hannu da juna daga nesa. Duk wanda zai yi hukunci a kan na'ura ya kamata ya fara jin ta bakin waɗannan kafin ya ji ta masu lafiya da suka ƙoshi.

Masu cewa farin ciki a wajen mutane yake ba a na'ura ba, ai ban musa ba. Binciken nan na jami'ar Harvard da aka fara tun 1938 ana bin rayuwar mutane daga ƙuruciya har tsufa har aka koma kan 'ya'yansu, babban abin da ya fito dashi shine kyawun alaƙa da mutane shi yafi komai nuna wanda zai tsufa da lafiya da kwanciyar rai, ya fi kuɗi ya fi suna. Amma ai duniyar yanzu ta warwatsa mutane, neman abin rufin asiri da karatu da aure da yaƙi sun raba iyali ƙasa ƙasa, to me ke riƙe da zaren in ba wayar ba? Shekarar 2020 ta nuna mana, lokacin da korona ta kulle kowa a gida, Zoom kaɗai daga masu shiga taro miliyan 10 a rana a Disambar 2019 ta kai miliyan 300 a Afrilun 2020. An yi karatu a haka, an yi gaisuwar mara lafiya a haka, an yi bankwana da masu barin duniya a haka. Bai kai zama gefen mutum ka riƙe hannunsa ba, kowa ya sani, amma ya fi shiru nesa ba kusa ba.

Akwai ma waɗanda sabo ya sa bama ganinsu sam. Fitilar LED da batirin da ake caji. Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, sun ci kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗin LED wanda shi ya buɗe hanyar farin haske mara cin wuta, masu batirin litiyom kuma suka ci tasu a 2019. Wannan biyun su suka sa yaro zai iya karatu da dare ba hayaƙi a inda wuta bata kai ba. Nokia 1100 da ta fito a 2003 an sayar da kusan miliyan 250, kuma duk wanda ya riƙe ta zai gaya maka 'yar tocilar kanta na cikin abin da ya sa ake sonta.

Gem ma haka, kuma shi ne aka fi zagi. Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro Tetris a Mosko a 1984, tubala ne kawai suna faɗowa kana jera su, Nokia ta sa macijin nan a wayoyinta a 1997, ba labari ba hoto mai kyau ba komai, amma mutane miliyoyi sun samu natsuwa a ciki don na ɗan lokaci hankalinka yana waje ɗaya, damuwar bashi da ta aiki sun koma gefe. A 2020 masu bincike a jami'ar Oxford suka karɓi ainihin lissafin lokacin wasa daga kamfanonin Nintendo da EA, ba wai abin da mutum ya tuna ya faɗa ba, suka haɗa da yanda 'yan wasan suka ce suna ji, sai suka ga waɗanda suka fi yin wasan sun ɗan fi nuna jin daɗin rai, kaɗan ne bambancin kuma bai nuna wasan ne sanadi ba, amma dai bai tafi ta inda masu zagi suke zato ba. Eh Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, sai dai a karanta sharaɗin, sai mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan komai, abin ya taɓa karatunsa ko aikinsa ko iyalinsa, kuma yawanci ya ɗauki wata goma sha biyu a haka. Ita kanta hukumar tace kaɗan ne daga cikin masu wasa abin yake kaiwa nan. Ba duk yaron da ya buga ƙwallo a allo da abokinsa da yamma bane mara lafiya, kuma laifi tudu ne, babban da yake masa faɗa sau da yawa shi ma idonsa na kan tasa wayar.

Wani babban bincike ma da Amy Orben da Andrew Przybylski suka fitar a 2019, da bayanan matasa sama da 350,000 a Amurka da Birtaniya, ya nuna yawan amfani da na'ura bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar matasa ba, samun isasshen barci da kuma cin zalin da yara ke yi wa juna sun fi shi nauyi sosai. Akwai masana irinsu Jean Twenge da Jonathan Haidt da basu yarda ba, suna ganin illar ta fi haka musamman ga 'yan mata a soshiyal midiya, kuma har yanzu ana ta ja. Ni abin da na ɗauka daga jayayyar shine tambayar awa nawa ka yi a waya bata da amfani sosai, don awa ɗaya kana hira da ƙanwarka da awa ɗaya kana jan allo kana kallon rayuwar mutanen da baka sani ba kana jin kai ne koma baya, agogo ɗaya zai nuna amma zuciya ba ɗaya zata fito ba.

To a nan ne nake tare da masu kuka, kuma kukana ya ma fi nasu zafi.

Duk abin nishaɗin da muka sani a da yana da ƙarshe. Kaset mai minti 60 rabin awa ne kowane gefe, in ya kai sai ya tsaya ƙas, dole ka tashi ka juya, kuma a wannan 'yar tsayawar ce kake tambayar kanka ko ya isa. Jarida tana da shafin ƙarshe, fim yana kaiwa inda sunaye ke hawa, shirin rediyo mai gabatarwa zai yi sallama, gidajen talabijin ma da rufe tasha suke da dare. Ba wani ne ya zauna ya tsara haka don tausayinmu ba, iyakar kayan ce, amma ta yi mana rana, don ɗan adam ba gwani bane wajen tsayar da kansa, yana buƙatar abin ya tsaya masa. A 2006 wani mai tsara manhaja Aza Raskin ya fito da dabarar shafin da baya ƙarewa, kana ja ƙasa sabo na fitowa, babu maɓallin shafi na gaba balle ka yi tunani, shi kansa daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Sai aka ƙara da bidiyo mai kunna kansa, wannan na ƙarewa wancan ya fara kafin ka miƙa hannu. A 2017 shugaban Netflix na lokacin Reed Hastings ya faɗa da bakinsa cewa da barci suke gasa. Wallahi duk sanda na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci, barcin da shi ne ginshiƙin lafiyar mutum da natsuwarsa wani ya ɗauke shi abokin hamayya a kasuwa.

Kuma ruwa baya tsami banza. Kamfani irin Meta mai Facebook da Instagram sama da kashi 95 cikin ɗari na kuɗin shigarsa daga talla ne, wato duk mintin da ka ƙara a ciki kuɗi ne, mintin da ka ajiye ka tafi kana murmushi asara ce. Wanda ya sayar maka da rediyo ya karɓi kuɗinsa ya gama da kai, burinsa ta yi maka daɗi ka gaya wa wani. Wanda ya baka manhaja kyauta yana cin talla burinsa kar ka tashi, ko kana jin daɗi ko kana jin haushi duk ɗaya ne a lissafinsa, haushin ma ya fi riƙe mutum. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin halayya B. F. Skinner ya nuna da tattabaru da ɓeraye cewa ladan da ba'a san lokacin zuwansa ba shi yafi sa dabba nacin danna abu, wani lokaci ta samu wani lokaci babu, to haka jan allo yake, goma shirme ɗaya mai daɗi, sai ka ci gaba da neman ɗayan nan. Kent Berridge na jami'ar Michigan kuma ya shafe shekaru yana nuna cewa a ƙwaƙwalwa hanyar kwaɗayin abu daban take da hanyar jin daɗinsa, mutum zai iya matsuwa da son abu alhali in ya samu baya jin komai. Duk wanda ya taɓa kai ƙarfe biyun dare yana ja yana ja ido na zafi ba dariya ba komai ya san wannan a jikinsa, jiki magayi.

An ma gwada. A 2018 Hunt Allcott da Matthew Gentzkow da abokan aikinsu sun biya wasu mutane a Amurka su rufe Facebook ɗinsu na sati huɗu kafin zaɓen tsakiyar zango. Sun samu rarar kusan awa ɗaya a rana, sun ƙara zama da iyali da abokai, sun ɗan fi jin daɗin rai, sun rage sanin labaran siyasa, kuma bayan an gama da yawa basu koma amfani da shi kaman da ba. Abin lura a wajena shine ba waya aka ƙwace musu ba, suna da kiɗansu da kiransu da hotunansu, rami ɗaya kawai aka toshe.

Shi yasa in aka tambaye ni yanda za'a gane, nake cewa ka duba abu biyu, waye ya fara kiran wani, kai ka nufe shi ko shi ya yi ƙara ya jawo ka, sannan ya kake ji a minti na farko bayan ka ajiye. Fim ɗin da ka zaɓa kuka kalla da iyali kuka yi ta musu a kansa, wasan ƙwallon da ya ƙare a minti casa'in, darasin gyaran famfo da ka nema a YouTube ka kalla ka tashi ka gyara, hoton jaririn da aka turo maka, littafin da ake karanta maka a kunne kana wanki, duk waɗannan in ka ajiye kana jin an ƙara maka wani abu. Ɗayan kuwa kaman baƙon da ya shigo gaisuwa ne ya ƙi tashi, tun kana jin daɗin hirar har ka koma amsawa da ka kawai, in ya tafi ka rasa me ma aka tattauna.

Akwai wani tarkon kuma na daban, na sabuwar waya. Kowace shekara a fito da wata a nuna maka taka ta tsufa. Daɗin sabon abu gaskiya ne amma gajere ne, sati biyu uku ya zama kaya kawai, masana halayyar ɗan adam sun daɗe da sanin haka, tun 1978 Philip Brickman da abokansa suka duba waɗanda suka ci manyan kuɗin caca suka tarar basu fi sauran mutane farin ciki da wani abin kirki ba. In miliyoyi basu riƙe daɗinsu ba ina ga ƙarin kyamara ɗaya a bayan waya. Muryar mahaifiyarka iri ɗaya take fita a tsohuwar waya da sabuwa. Kuma sharar tana taruwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya yace a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yanda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wayar da ake iya canja mata batir a gyara ta ta yi shekara biyar shida ta fi kusa da farin cikin mai ita.

To me ya kamata a yi a hukumance, don maganar bata tsaya a kan mutum da wayarsa ba. Faransa ta hana waya a makarantu ga yara har zuwa wajen shekara 15 tun 2018, wannan ina goyon baya ɗari bisa ɗari, aji wajen karatu ne kuma filin makaranta wajen guje guje da faɗa da shiryawa ne. Ostireliya kuma a ƙarshen 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a soshiyal midiya. Na fahimci tsoron iyayen da suka nemi hakan kuma bana raina shi, amma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Yaron zai cika sha shida ya shiga ya tarar da injin yana nan yanda yake, uwarsa da ubansa kuma dama suna ciki tsundum babu dokar da ta kare su, sannan yaron da yake kaɗaici ko yake da naƙasa wanda a can ne ya samu 'yan uwansa masu irin halinsa shi aka fara yankewa. Hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar.

Nasihar kowa ya kama kansa ita ma bata isa ba. Tun 2018 Apple da Google suka sa ma'aunin lokaci a wayoyi, yana da amfani, amma mutum ɗaya a gajiye da tsakar dare ake cewa ya yi kokawa da abin da dubban injiniyoyi suke gwadawa suna gyarawa kullum don ya fi ƙarfinsa, in ya faɗi kuma a ce shi ne rago. Wannan ba adalci bane.

Ginin abin ya kamata a taɓa, kuma an nuna ana iyawa. Da Birtaniya ta kawo ƙa'idar tsara manhaja don yara a 2021, a shekarar YouTube ya kashe bidiyo mai kunna kansa ga 'yan ƙasa da 18 sai in su suka kunna, duniya bata tashi ba. Tarayyar Turai a dokarta ta ayyukan intanet ta tilasta wa manyan dandali su bada zaɓin jerin da ba'a gina shi a kan bibiyar halin mutum ba, ta kuma hana tallan da ke bin bayanan yara, Tarayyar ce ma da wata doka daban ta sa daga ƙarshen 2024 wayoyin da ake sayarwa a can suka koma bakin caja iri ɗaya, abin da aka daɗe ana cewa ba zai yiwu ba. Abin da nake so shine a faɗaɗa wannan ga kowa, babba da yaro, a kowace ƙasa. Bidiyo in ya ƙare ya tsaya. Shafi in ka ga abin da mutanen da kake bi suka sa ya gaya maka ka gama. Ƙarar sanarwa ta zo a kashe in ba mutum ne yake nemanka da kansa ba. Ba'a hana kowa komai ba a nan, mai son ya kwana yana kallo ga hanya nan, sai dai kowane sabon bidiyo shi zai miƙa hannu ya danna da kansa.